Wayar Esi: Tambayoyin da 'Yan'uwa Suke Yi Mini a Legas

Sana'ata wayarin, kuma a Agege nake zaune. Daga watan Fabrairu zuwa Afrilu, lokacin da zafin Legas yake haɗuwa da gumi ya hana mutum runtsawa, wayar hannuna ba ta hutawa. Wannan ya sayo esi, wato na'urar sanyaya ɗaki, daga kasuwar Alaba yana son a ɗaura masa yau-yau, wancan soket ɗinsa ya narke, wani kuma burekarsa, wato makunnin da ke yanke wuta da kansa in ta yi yawa, ita ce take faɗuwa kullum da azahar. Daga Idi-Araba har Mile 12 tambayoyin kusan iri ɗaya ne, shi ya sa na tara su wuri guda.

Malam, esi ɗina hosfawa ɗaya da rabi ne. Wace waya zan saya?

Waya ba ta san hosfawa ba, amfiya ta sani, wato ma'aunin yawan wutar da ke bi ta cikinta. Hosfawa na gaskiya wat 746 ne, amma a kasuwarmu ya zama suna kawai da ake kiran girman sanyi da shi: mai BTU (ma'aunin sanyin da esi yake bayarwa) 9,000 a ce ɗaya, mai 12,000 a ce ɗaya da rabi, mai 18,000 a ce biyu. Sai ka ga esi biyu duk sunansu ɗaya da rabi, amma wutar da suke ja ta bambanta, saboda ɗaya sabo ne mai tattali, ɗayan tsohon yayi.

In kana son gajeriyar amsa, ga yadda nake yi a yawancin gidaje: ɗaya da ɗaya da rabi, waya 2.5 ta jan ƙarfe (lambar faɗin bakin ƙarfen ce a murabba'in milimita) da bureka mai amfiya 16. Hosfawa biyu, waya 4 da bureka mai 20. Kowane esi da layinsa tun daga akwatin rarraba wuta, ba ya tarayya da firji ko dutsen guga. Amma ba na yanka ko taku ɗaya na waya sai na karanta sitikar da ke jikin injin.

Ina sitikar take, kuma me zan duba a cikinta?

Je gefen injin waje, wajen da bututun gas biyu suke fita. Za ka ga wata farar takarda ko mai ruwan azurfa a manne, cike da ƙananan lambobi. Rana da ruwan Legas suna cinye rubutun cikin 'yan shekaru, don haka ranar da aka fito da esi daga kwali ka ɗauki hotonta ka ajiye.

Da farko ka tabbatar an rubuta 220-240V da 50Hz, domin wutar ƙasar nan bolt 230 ce, ko kana ƙarƙashin Ikeja Electric ko na Eko. Sai ka nemi lambobin da ke da harafin A a bayansu. Yawanci biyu ne. Inda aka rubuta "Rated current", wannan wutar da ya ja ne a ɗakin gwaji, lokacin da zafin waje yake digiri 35, na ciki 27. Inda aka rubuta "Max current", wannan ita ce iyakar abin da kamfanin ya ce zai iya ja in aiki ya yi masa nauyi. Da ta biyun ake zaɓar waya. Injin da aka maƙala a lungun da ke tsakanin gida da gida, iska ba ta ratsawa, rana tana dukansa daga azahar zuwa la'asar, ga janareton maƙwabci yana hura masa zafi, ai ba a ɗakin gwaji yake ba. In babu lamba ta biyu a sitikar, ninka ta farko da 1.25, ka yi aiki da abin da ya fito.

Akwai kuma lambar da take ruɗa mutane. Wani Alhaji ya taɓa kirana hankalinsa a tashe, wai an cuce shi, esi ɗin da aka ce masa yana tattalin wuta ga shi an rubuta 3,500W a jikinsa. Wannan lambar yawan sanyin da yake bayarwa ce, wato BTU 12,000 ɗin nan da aka mayar wat. Wutar da yake ci tana layin da aka rubuta "input", kuma ba ta wuce kusan kashi ɗaya cikin uku na waccan ba.

To nawa kowace waya take ɗauka?

Jadawalin ƙa'idar wayarin ta Ingila, BS 7671, wadda da ita yawancinmu muka koyi aiki, ya ce wayar jan ƙarfe mai rigar roba, in tana cikin fayif a jikin bango, 1.5 tana ɗaukar amfiya 17.5, 2.5 tana ɗaukar 24, 4 tana ɗaukar 32, 6 tana ɗaukar 41, 10 kuma 57.

Ke nan 1.5 ma ta ishe ni, tunda sitikata ta ce amfiya 7.5. Me ya sa kuke sa mu kashe kuɗi a kan 2.5?

Wannan tambaya tana da kyau, kuma a nan ne ainihin aikin yake. Lambobin can an yi su ne da sharaɗi biyu: zafin wurin da wayar take bai wuce digiri 30 ba, kuma layi ɗaya ne tak a cikin fayif ɗin. Duk wanda ya taɓa shiga silin ɗin gidan kwano a Agege da ƙarfe biyu na rana ya san digiri 30 mafarki ne. Minti biyar za ka yi rigarka ta jiƙe sharkaf.

Ita waya, zafi take fitarwa muddin wuta na bi ta cikinta, kuma robar da ke jikinta an yi ta ne ta jure digiri 70. In wurin da take ya riga ya yi zafi, ba ta da inda za ta zubar da nata. Shi ya sa jadawalin ya ce a digiri 35 a ninka da 0.94, a 40 a ninka da 0.87, a 45 a ninka da 0.79. Haka kuma in an cusa layi biyu a fayif ɗaya a ninka da 0.80, in uku ne da 0.70, domin kowace tana gasa 'yar'uwarta.

Mu gwada. Silin mai digiri 40, layi uku a fayif ɗaya, abin da kusan kowane gidan haya yake da shi. Waya 1.5: 17.5 sau 0.87 sau 0.70, ya ba mu 10.7. Waya 2.5: 24 ta koma 14.6. Waya 4: 32 ta koma 19.5. Ka ga 1.5 ɗin da kake taƙama da ita ta rage saura kaɗan tsakaninta da 7.5 ɗinka, tun ba a yi maganar tsawo ba, ba a yi maganar ranar da wuta za ta yi lo ba, ba a kuma tabbatar wayar ta cika 1.5 ɗin da aka rubuta a jikinta ba. Ka kuma lura cewa a irin wannan fayif ɗin ko 2.5 ta sauka ƙasa da bureka mai 16. A nan sai in raba layukan kowa da fayif ɗinsa, ko in hau 4.

Wani abin da mutane ba sa lura da shi: zafin waya ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da wutar. In wuta ta ninka biyu, zafi ninki huɗu yake yi.

Tsawon waya yana da tasiri?

Ƙwarai. Kowane taku na waya yana cin ɗan bolt. Waya 1.5 tana zubar da milibolt 29 a kowace amfiya a kowace mita, 2.5 tana zubar da 18, 4 tana zubar da 11, 6 kuma 7.3. Ƙa'ida ta ce kada asarar ta wuce kashi 5 cikin ɗari, wato bolt 11.5 daga 230.

Ɗauki ɗakin baya da ke nesa da akwati mita 35, da esi mai jan amfiya 12. Da 1.5 za a rasa bolt 12.2, an haura iyaka. Da 2.5 za a rasa 7.6, da 4 kuma 4.6. A takarda 2.5 ta ci jarrabawa. Amma duba lambar LRA a sitikar, wato wutar da kwamfireso, injin da ke matsa gas, yake fizga a daƙiƙar da zai tashi, wadda takan kai ninki biyar ko shida na wutar aikinsa. A ce 45 ce. A wannan daƙiƙar 2.5 za ta zubar da bolt 28, 4 kuma 17. In wutar unguwa ta riga ta sauka 190, kwamfireso zai ga wajen 162 ke nan, sai ka ji yana gurnani, "hmmm", can ya yi "ƙyas" ya mutu, bayan minti uku ya sake. Mai gida ya ce gas ne ya ƙare, a kira mai gas ya karɓi kuɗinsa ya tafi, matsala na nan daram.

Burekata tana yawan faɗuwa. In sa babba?

A'a, don Allah. Bureka mai gadin waya ce. Aikinta ta faɗi kafin waya ta ƙone. In ka cire mai 16 ka sa mai 32 a kan waya 2.5, ka sallami mai gadi ne saboda yana yawan tashin ka da dare. Tsarin shi ne: wutar esi ba ta wuce bureka ba, bureka ba ta wuce abin da waya za ta iya ɗauka a inda take ba.

In tana faɗuwa nan take da kwamfireso ya tashi, duba harafin da ke gaban lambar. Mai B tana faɗuwa nan take a ninki 3 zuwa 5, mai C sai ninki 5 zuwa 10, don haka C16 ko C20 ake sa wa esi. In kuma sai ya yi rabin awa yana aiki take faɗuwa, to wutar da yake ja ce ta yi yawa: ko ƙura ta toshe ragar injin waje, ko kafasita ta yi rauni, ko fankar waje ba ta juyawa da ƙarfi, ko sukurun burekar ya saki yana zafi. Akwai kuma lokacin da Nepa ta ɗauke ta dawo cikin ƙiftawar ido. Kwamfireso yana bukatar kamar minti uku gas ya lafa kafin ya sake tashi.

Na sayi tokumbo daga Amurka. Babu "Max current", sai MCA da MOCP da RLA. Yaya zan yi?

Amurkawa sun yi maka lissafin tun daga kamfani. RLA wutar aikin kwamfireso ce, FLA ta fanka. MCA ita ce mafi ƙarancin amfiyar da wayarka za ta iya ɗauka, kuma ana samun ta ne in an ninka RLA da 1.25 aka ƙara ta fanka. Misali RLA 13.5, fanka 1.2: 16.9 a tara da 1.2, MCA ta zama 18.1. An riga an sa 1.25 a ciki, kada ka sake ninkawa. MOCP kuma ita ce bureka ko fis mafi girma da aka yarda a sa, RLA sau 2.25 a ƙara ta fanka, a sauko zuwa lambar burekar da ake da ita a kasuwa. A misalinmu 31.6 ta fito, sai a rubuta 30.

Za ka ce, ai yanzu na gama cewa kada bureka ta wuce waya, ga shi waya mai ɗaukar amfiya 18 da bureka mai 30. Sashe na 440 na dokar wayarin ta Amurka ya yarda da haka saboda kwamfireso yana da nasa abin kariya a ciki da ke yanke shi in ya ɗau nauyi, burekar kuma tana jiran ranar da wayoyi za su haɗu ne kawai. Wannan yana tafiya daidai a inda layin na esi ne shi kaɗai har abada. A gidan hayar Legas kuwa, kana bar gidan wanda ya shigo zai jona hita da injin wanki a wannan layin. Ni dai ina zaɓar burekar da ke tsakanin MCA da MOCP, in sa wayar da za ta iya ɗaukar burekar gaba ɗaya.

Abu biyu kuma game da kayan Amurka. Wutarsu 60Hz ce, tamu 50, don haka kwamfireso zai rage gudu da kashi ɗaya cikin shida, sanyi ma ya ragu. Ƙananan na taga da yawa kuma bolt 115 ne, in ka jona su kai tsaye sai hayaƙi. Lambar wayarsu ma a juye take: AWG 14 wajen 2.1 ce a namu, 12 wajen 3.3, 10 wajen 5.3.

Wutar layinmu kullum lo take. Sitabilaiza ta magance komai?

Ta taimaki esi, amma ta ƙara wa wayar da ke bayanta nauyi. Esi mai cin wat 1,800 yana jan kamar amfiya 7.8 a bolt 230. In wutar da ke shigowa 160 ce, sitabilaiza sai ta ja fiye da amfiya 11 daga bango kafin ta ba shi abin da yake so. Wayar da ke tsakanin akwati da sitabilaiza ita ke shan wahalar, kuma ita ce wadda aka fi rainawa, sau da yawa 'yar siririyar igiya ce da fulogin roba. A unguwar da taransifoma ta yi wa jama'a kaɗan, ina ƙara girman waya mataki ɗaya ba tare da dogon tunani ba.

Yaya zan gane waya ta gaske?

Na taɓa zuwa wani shagon ɗinki da aka yi wa wayarin bai fi wata huɗu ba. A jikin wayar an buga 2.5 ɓaro-ɓaro. Da na feƙe robar na kankare ƙarfen da wuƙa, sai ga fari tas a ciki: alminiyam ne aka yi masa wankan jan ƙarfe. A bakin makunnin ya yi baƙi ya dunƙule kamar ƙanzo, robar kuma tana marmashewa a hannu. Maigidan ya ce ai rabin kuɗi ya same ta. Araha ba ta ado.

Alminiyam kusan kashi 61 cikin ɗari na wutar jan ƙarfe yake iya bi da ita, kuma yana sakin sukuru da kansa. Ka kankare bakin wayar tun a shago. Ka kara mata ashana ko laita: jan ƙarfe zai yi ja ya tsaya, na jabu zai lanƙwashe ya zube. Ka ɗaga naɗin ka ji nauyi. In mai wayarinka yana da abin awon kauri, 2.5 mai silli ɗaya kaurinta milimita 1.78 ne, 1.5 kuma 1.38, 4 silli bakwai ce kowane 0.85. Wayoyin da ake yi a ƙasar nan masu tambarin MANCAP na SON, hukumar kula da ingancin kaya, suna da kyau, sai dai su ma ana kwaikwayon kwalinsu, don haka ka saya wajen dila ka karɓi rasit.

Malam, ni mai haya ce, maigida ya hana fasa bango. Zan iya jona esi a soket ɗin ɗaki?

Hajiya, soket mai amfiya 13 a takarda zai ɗauki ƙaramin esi, amma ba ki san abin da ke bayansa ba. A tsofaffin gidaje sau da yawa waya 1.5 ce ta zagaya ɗakuna huɗu. Kuma haƙoran fulogi suna saki da daɗewa, su yi zafi, sai ki ga gefen ramin soket ya yi ruwan ƙasa yana warin kifi. Ba sai an fasa bango ba: a jawo sabon layi ta cikin farar kwalbatin roba da ake bugawa a saman bango, ya ƙare a makunni mai amfiya 20 wanda yake yanke laif da nutural tare. Ranar tashi ki cire kayanki. Igiyar ƙari kuwa, ko ta kwana ɗaya kada ki yarda.

Esi mai inbata, wanda yake rage gudu da kansa in ɗaki ya yi sanyi, ai ba ya cin wuta. Shi ma sai 2.5?

Shi ma. Ba ya fizgar wuta wajen tashi, wannan gaskiya ne, kuma in ɗaki ya yi sanyi yana sauka ƙasa sosai. Amma lokacin da aka kunna shi a ɗaki mai zafi yana hawa har iyakarsa, kuma "Max current" ɗinsa ba ta cika yin ƙasa da ta wanda ba inbata ba.

Mu kwamitin masallaci ne, za mu sa manyan na tsaye guda shida. Ta ina za mu fara?

Allah ya saka da alheri. Ku fara daga mita, ba daga esi ba. Ku tara "Max current" na duka shidan, ku ƙara fankoki da fitilu da lasifika da famfon alwala, domin ranar Juma'a da daren tarawihi duk tare za su yi aiki, babu wanda zai huta. In kowane yana jan amfiya 15, casa'in ke nan kafin a kunna ƙwan fitila ɗaya, kuma layi ɗaya ba zai ɗauka ba. Ku nemi wuta mai layi uku, a raba biyu-biyu don nauyi ya daidaita, kowane esi da burekarsa. In injinan kansu masu layi uku ne, za ku ga 380-415V da 3Ph a sitika, to a sa musu na'urar da ke yanke su in layi ɗaya ya ɗauke, domin kwamfireso mai layi uku da aka bari a kan biyu ƙonewa yake. Kebul ɗin janareto da canjoba su ma a auna su da wannan jimillar. Irin wannan aiki ku ba wanda yake da takardar shaidar NEMSA, hukumar da doka ta ɗora wa duba wayarin.

Wannan magana ta shafi gidaje ma. Tun da aka raba masu wuta rukuni-rukuni, 'yan Band A da aka yi wa alkawarin awa 20 a rana suna kwana da esi uku a kunne, a kan kebul ɗin mita da aka sa tun zamanin fanka da rediyo. Da can ɗauke wutar ce take ba wayar hutu.

Wayar ƙasa dole ce? Mai ɗaurawa ya ce esi zai yi aiki ba ita.

Zai yi aiki, har ranar da laif za ta taɓa jikin injin. Injin waje ƙarfe ne, yana cikin ruwan sama, a wasu gidajen ma a daidai inda yara suke wasa ko mata suke shanya. Wayar ƙasa, wato koriya mai ratsin ɗorawa, ta tafi tare da ja da baƙa tun daga akwati, kaurinta ɗaya da su, ta kuma ƙare a sandar da aka kafa a ƙasa da gaske, ba a naɗe ta a bayan makunni ba. In da hali a ƙara burekar da ke jin yoyon wuta, mai miliamfiya 30.

An gama ɗaurawa. Yaya zan san aikin ya yi?

Ka sa mai wayarin ya maƙala mitarsa mai baki kamar ƙaguwa a wayar laif ita kaɗai, da rana tsaka, bayan esi ya yi minti ashirin yana aiki, ka ga lambar da idonka ka gwada da hoton sitikar. Ya auna bolt a akwati, ya auna a bakin injin, bambancin kada ya kai 11.5. Bayan awa ɗaya ka ɗora bayan hannunka a murfin makunni da na bureka: ɗumi kaɗan ba komai, zafin da zai sa ka janye hannu alamar sukuru bai ɗauru ba. Ka tambaye shi ko akwai inda ya murɗa waya biyu ya naɗe da salatif a cikin silin, in akwai ya sa ta a akwatin haɗi. Masu zama kusa da teku, Apapa ko Obalende ko Ajah, iskar gishiri tana sa bakin wayoyin injin waje su yi kore, don haka duk lokacin da aka zo wankin esi a kashe bureka, a buɗe murfin gefen, a goge su a sake ɗaure sukurun.